Ram Huɗu da Waƙoƙin Gwaggo Ladidi

Akwai wani mutum a wani gari, mai gyaran rediyo, sunansa Habila. Hannunsa yana da albarka, wannan ba zan hana shi ba. Rediyon da ya shekara uku a ƙarƙashin gado ba ya ko tari, in aka kai wa Habila, kafin a gama gaisuwa sai a ji ya fara karanta labarai. Amma mutumin nan yana da ciwo guda, shi ne mafarki da rana tsaka. Yana zaune a shago, sukudireba a hannu, ido a buɗe, amma ya tafi. Sai matarsa Bilhatu ta kira shi sau uku kafin ya komo.

Abin da yake mafarki a kai kuwa ba mugun abu ba ne. Yana da gwaggo a ƙauye, yayar ubansa, ana ce mata Gwaggo Ladidi, tsohuwa ƙwarai. Ita kaɗai ta rage cikin matan da suka fara bin Yesu a ƙauyen nan, tun ana sujada a gindin ɗorawa. Matan nan ba su da littafi, ko an ba su ma ba sa iya karantawa. Saboda haka suka ɗauki muryar waƙoƙinsu na niƙa da na sussuka, suka zuba musu sababbin kalmomi na yabon Ubangiji. Ba wanda ya taɓa rubuta waƙoƙin nan. Matan suka yi ta tafiya gida ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tafi da nata, har aka bar Gwaggo Ladidi ita kaɗai da waƙa arba'in da 'yan kai a cikin kanta.

Sai Habila ya ce a ransa, “Zan haɗa kwamfuta da hannuna, in kama waƙoƙin nan kafin su bi sauran.” Yakan ga abin a ido kamar ya riga ya faru: ga jikokin jikokinsa a wani ɗaki mai haske, ɗaya ya taɓa maɓalli, sai muryar tsohuwa ta cika ɗakin, har su ji ƙamshin sabuwar dawa, su da ba su taɓa taka gona ba.

Ya daɗe yana tarawa, yana sayen kayan ɗaya ɗaya. Ya sayi akwatin, ya sayi allon kallo, ya sayi fankar da ke sanyaya cikin, ya sayi faffaɗan allon nan kore da ake dasa komai a kansa. Ana nan sai saƙo ya zo daga ƙauye cewa za a kawo Gwaggo Ladidi gari a cire mata yanar ido, kuma a gidansa za ta sauka ta jira ranar da likita ya sa. Habila ya ce lokaci ya yi. Ya ɗauki abin da ya rage a hannunsa ya tafi shagon wani dattijo mai sayar da kayan kwamfuta, Malam Kefas.

Malam Kefas ya sauke tabarau ya ce, “A'a, Injiniya da kansa! Yau rediyoyin gari sun sami hutu ke nan?”

Habila ya ce, “Memori na zo saya, Malam. Wanda kuke ce wa ram.”

Dattijon ya ɗauko wani abu siriri kamar matajin kai, kore, mai haƙoran zinariya a gefe ɗaya, ya ajiye a gabansa. Ya ce, “Ga shi. Allonka yana da gurbi huɗu na irin wannan. Amma kafin in auna maka, wane aiki za ka yi?”

“Murya zan ɗauka. Waƙoƙin gwaggona.”

“Murya kawai? To sanda ɗaya mai giga takwas ta ishe ka.” Giga shi ne mudun da suke awo da shi. “In kana so ta yi aiki a sake ba haki, ɗauki biyu. Sauran gurbi biyun ka bar su a buɗe, ranar da aikinka ya girma ka zo ka ƙara. Abin da ya rage a hannunka ka sayi diski mai kyau da ɗan batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.”

Habila ya ce, “Wace ce babba a cikinsu?”

“Akwai mai goma sha shida.”

“Ba ni huɗu.”

Malam Kefas ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Injiniya, jirgin sama za ka tuƙa? Zauna in gaya maka. Ram ɗin nan tabarmar shanya ce. A kanta kwamfuta take baza aikin da take yi yanzu. In tabarmar ta yi ƙanƙanta, aiki ya cushe, ka yi ta jira. In ta yi daidai, ka ji daɗi. In ta wuce aikinka, sauran fili ne kawai yana shan rana. Amma kome girmanta, tabarma ce, ba wurin kwana ba. Da an ɗauke wuta, duk abin da ke kanta ya tafi. Diski shi ne rumbu. Abin da ka zuba a ciki ka rufe, shi ne naka. Batirin nan kuwa shi ne ɗan lokacin da hadari yake ba mutum tsakanin iskar fari da ɗigon fari, ya kwashe shanyarsa.”

Ni ban taɓa sa yatsa a kan kwamfuta ba, ba ni kuma da niyya. Amma wannan magana ko ni na gane ta, gama na yi shanya fiye da shekara sittin. Habila ne bai gane ba, domin kunnensa ya riga ya kama wata kalma ya ƙi saki.

Ya yi murmushi ya ce, “Malam Kefas, da Hausa aka yaye ni. In aka ce an riƙe abu ram, ka taɓa jin ya suɓuce? In aka ce an yi ram da ɓarawo, ya tsere? Sunan abin ma ya gama magana. Ga shi kuma ku da kanku kuna ce masa memori, wato tunawa. Mai tunawa, mai riƙewa ram. Me zan yi da rumbu?”

Dattijon ya yi dariya har ya share ido. Ya ce, “Wannan ram ɗin ba Bahaushe ba ne, Injiniya. Bai ma san an yi masa wannan kirari ba.”

“Ina da wani tsohon diski da aka bari a shagona. Zai yi.”

“Wannan ɗan mitsitsin? Da ka zuba masa abin da zai tashi kwamfutar, ya cika. Ina waƙa za ta kwana?”

“A ram.”

Malam Kefas ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu. Da ya ga mutumin ya riga ya tafi cikin mafarkinsa, yana shafa haƙoran zinariyar nan da yatsa, sai ya naɗe masa guda huɗu ya ce, “Allah ya sa a yi amfani da su lafiya.” Ba diski, ba batir, gama ram huɗun sun cinye komai.

Habila ya koma gida ya dasa su, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ba gurbin da ya bari. Ya kunna. Fanka ta fara juyawa a hankali da wata 'yar ƙara kamar ƙudan zuma a cikin amya, wani shuɗin haske ya kwanta a bangon ɗakin. Ya zauna yana kallo har tuwonsa ya huce.

Ranar Litinin aka kawo Gwaggo Ladidi. Ta huta, ta sha kunu, washegari aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin kusa da taga. Habila ya kafa mata makirufo a gaban baki. Ta laluba shi da hannu ta ce, “Wannan kuma wace irin masara ce baƙa ƙirin?”

“Kunnen akwatin ne, Gwaggo. Duk abin da kika faɗa a nan, yana riƙewa.”

“Yana da amshi?”

“A'a, Gwaggo, ji kawai yake yi.”

“To ai kuwa ba waƙa. Waƙar niƙa mutum ɗaya ba ya yin ta.” Ta ɗaga murya ta taga. “Amarya! Kina ina?” Shekara ashirin ke nan da auren Bilhatu, har 'yarta Afiniki tana makarantar kwana, amma a bakin Gwaggo har yanzu amarya ce.

Bilhatu tana tsakar gida. Sana'arta garin masara: ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta kai niƙa. Tabarmar shanyarta ɗaya ce tak, daidai wadda take iya naɗewa ita kaɗai. Ba ta wanke abin da ya fi tabarmar, in ya bushe kuma ba ta barin sa ya kwana a waje, sai ta juye a duro ta rufe. Ta amsa ta ce, “Ga ni, Gwaggo, hannuna yana cikin masara.”

“Bakinki fa, yana cikin masarar? Ba ni amshi daga nan.”

Tsohuwa ta gyara zama, ta rufe idanun da dama ba sa gani, ta fara:

“Dawa ta nuna ta sunkuya, ya Uba,
mu ma mun sunkuya.
Ba mu muka yi ruwa ba, ba mu muka yi rana ba,
mu ma mun sunkuya.”

Daga tsakar gida Bilhatu ta karɓa, “Mu ma mun sunkuya.”

Habila ya leƙa ya ce, “Bilhatu, kina shiga mini cikin murya.”

Gwaggo ta ce, “Kai ne kake shiga mana cikin waƙa. Zauna.”

Haka aka yi kwana huɗu. Ku da ba ku ji ba, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Muryar tsohuwar siririya ce, tana rawa kamar zare a iska, amma in ta fara sai ɗakin ya yi faɗi. Ta yi waƙar ƙetare rafi da damina, yara a wuya, ana tafiya sujada. Ta yi waƙar ranar da aka ɗora jinkar ciyawa a kan majami'ar fari, mata suna miƙa dami maza suna karɓa. Ta yi wadda ake yi wa mai naƙuda, da wadda ake yi in fara ta wuce ba ta sauka a gona ba. Tsakanin waƙa da waƙa takan kira sunayen matan da suka yi su, kamar suna zaune a bayan ƙofa suna jiran a ce su shigo. Kaji suka daina kuka. Maƙwabciya ta zo aron rariya ta manta abin da ya kawo ta. A kan allo kuwa muryar tana zana kanta kamar kunyoyin gona, layi bayan layi, Habila yana kallo, ya tafi can ƙauye yana ɗan yaro riƙe da gefen zanen uwarsa.

Kowace la'asar, in Gwaggo ta gaji, Bilhatu takan kawo mata ruwan ɗumi da zuma ta ce, “Gwaggo, wadda kika yi da safen nan, ta dawa, sake mini ita a hankali. Kaina ƙarami ne, ɗaya nake iya ɗauka a rana.” Tsohuwa ta sake mata baiti baiti. Bilhatu ta tafi da ita bakin murhu, ta tafi da ita bakin famfo, ta tuƙa tuwo da ita, har waƙar ta zauna.

Habila ya ce, “Ke ɗaya a rana. Ni yau kaɗai na kama goma sha biyu.”

Ta ce, “Allah ya ƙara, Baban Afiniki. Ina ka zuba su?”

“Suna nan a riƙe.”

Gaskiyar magana, tun rana ta biyu ya gwada ajiyewa, kwamfutar ta rubuta masa cewa ba wuri a diski. Ya karanta, ya taɓa, rubutun ya ɓace. Ya duba ram ya ga ko rabi bai cika ba, sai zuciyarsa ta kwanta. Ya bar kwamfutar a kunne bai kashe ba. Unguwarsu kuwa layinsu ɗaya da na asibiti, ba a cika ɗauke musu wuta ba, har mutanen wurin sun manta ana ɗaukewa.

Ranar Jumma'a da azahar Gwaggo ta yi waƙar ƙarshe, ta ce, “Shi ke nan, na zazzage. Ko ƙwaya ba ta rage ba.” Ta kwanta. Zafi ya yi nauyi, ganye ba ya motsi. Habila ya jingina da bango yana jin ƙarar fankar nan, sai barci ya ɗauke shi.

Ya yi mafarki ga wata tabarma tana warwaruwa daga ƙofar ɗakinsa. Ta wuce tsakar gida, ta wuce titi, ta haye rafi, ta shimfiɗu a kan gonaki har gindin duwatsu, ba a ganin ƙarshenta. A kanta ga matan nan duka, waɗanda Gwaggo ta kira sunayensu, kowace da dutsen niƙanta, suna waƙa, gari fari yana tashi kamar hazo. Ya ga uwarsa a cikinsu. Ya ji daɗi ya ce, “Dubi faɗinta! Har yanzu da sauran wuri.” Sai uwarsa ta ɗago kai ta ce, “Habila, wa zai naɗe wannan?” Kafin ya amsa, ya ga bakin tabarmar can nesa ya fara ɗagawa.

Muryar Bilhatu ce ta tashe shi. “Baban Afiniki! Hadari ya haɗo ta gabas. Ni na kwashe nawa. Ka kwashe naka?”

Ya leƙa. Sama ta yi baƙi, tabarmarta tana jingine a naɗe, duro a rufe. Ya miƙe yana murza ido ya ce, “Nawa ruwa ba ya taɓa shi. An riƙe shi ram.”

Bai rufe baki ba iska ta taso. Ƙofa ta bugu, kwanon rufi ya yi ƙara, can bakin titi reshen dalbejiya ya karye ya faɗa a kan wayar lantarki. Shuɗin hasken ya ɗauke daga bango. Fanka ta juya sau uku, a hankali, a hankali, ta tsaya.

Sai washegari aka gyara wayar. Habila ya kunna. Kwamfutar ta tashi lafiya lau, da sauri ma. Ya duba nan, ya duba can. Ba kunya ko ɗaya a gonar, waƙoƙin duka sun tafi. Ya rungumi akwatin ya kai wa Malam Kefas. Dattijon bai ce masa Injiniya ba ranar. Ya buɗe, ya bincika, ya daɗe, sa'an nan ya ce, “Habila, tabarmarka lafiyarta ƙalau, ko zare bai tsinke ba. Abin da ke kanta ne ruwa ya tafi da shi.”

Ya komo gida ya durƙusa a gaban Gwaggo ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Da muryar da ta dishe ta ce, “Kwana huɗu kana zaune a gabana. Ina ce kai ma kana koyo?”



Ta ce, “Maƙogwaron ya ƙare, ɗana, jibi kuma za a taɓa mini ido. Bari sai kaka. In an yanke dawa ka zo ka ɗauke ni, in sake zuba maka.”

Aka yi aikin ido lafiya, aka mai da ita ƙauye. Damina ta yi, ta wuce. Da aka yanke dawa Habila da Bilhatu suka shiga mota suka tafi ɗauko ta. Suka same ta a zaune a inuwar rumbu, an yi mata wanka, an shafa mata mai. Idanunta garau, tana ganin har tsuntsun da ke kan katanga. Ta dube su da fara'a ta ce, “Sannunku da zuwa. Baƙin daga ina?”

Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ita a tsakiyar damina. Ta tashi, amma ya tafi da sunaye, ya tafi da fuskoki, ya tafi da komai. Habila ya ce, “Gwaggo, ni ne, Habila. Waƙar rafi fa? Waƙar jinka?” Ta yi masa murmushin da ake yi wa baƙo mai surutu. Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Bilhatu ta miƙe. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta debi dawa a ƙwarya, ta durƙusa a gaban tsohon dutsen niƙa da ke gefen rumbun. Ta fara turawa, ta fara jawowa, har dutsen ya kama muryarsa. Sa'an nan ta ɗaga tata:

“Dawa ta nuna ta sunkuya, ya Uba...”

Ta dakata. Dutse yana tafiya, yana dawowa. Sai ga wata siririyar murya daga inuwa, tana rawa kamar zare a iska:

“Mu ma mun sunkuya.”

Tsohuwar ba ta san sunan mai niƙan ba, ba ta san nata sunan ba, amma amshin bai ɓace mata ba. Bilhatu ta yi ta dawa har ƙarshe, ta yi ta rafi, ta yi ta jinka. Uku ke nan, iyakar abin da ta ɗauka, gama a rana ta huɗu hadari bai bar ta ta koya ba. A waƙa ta uku aka ji muryar namiji ta shiga amshi, tana karkarwa, tana kuskure. Ranar ce Habila ya fara koyo.

Da suka komo gari ya cire ram biyu ya mayar wa Malam Kefas, ya karɓi diski da batir. Ya sa matarsa ta rera, ya ba ta amshi, ya ajiye kowace waƙa kafin a fara ta gaba. Rumbun babba ne ƙwarai. Dami uku ne a ciki.

Yanzu ku gyara zama, ga ma'anar misalin, gama ban ba ku shi don ku ji tausayin Habila ku tafi ba.

Ram ɗin nan kanku ne da kunnenku. Wutar kuwa lafiyar da Allah ya ara muku ce, da numfashin da kuke ja ba ku san kuna ja ba. Kun daɗe a layi mai kyau, ba a ɗauke muku ba, har kun ɗauka taku ce. Waƙoƙin su ne Maganar Allah da kuke ji kowace Lahadi, da abin da tsofaffinku suke gaya muku kuna danna waya.

Ina ganinku. Akwai waɗanda ba taron da ba sa zuwa. Wa'azin safe suna nan, na yamma suna nan, in an yi babban taro a wani gari su ne a gaban mota. Sun cika gurbi huɗu, suna neman na biyar. Ka tambaye su ranar Talata me aka faɗa, sai su ce, “Kai, an yi wa'azi mai zafi!” Me aka ce? “Ai mai zafi ne ƙwarai.” Wannan shanya ce a fili. Kun ji daɗin faɗin tabarma, ba ku taɓa tambaya wa zai naɗe ba. Kun kuma yarda da sunan abu kamar Habila. An ce maka mai bi, an rubuta ka a littafin ikilisiya, sai ka ce an riƙe ka ram. Suna ba ya riƙe kowa.

Rumbun kuwa zuciya ce, ƙofarsa kuma ɗaya ce tak, wato aikatawa. Maganar da ka ji ba ta zama taka ba sai ka tuƙa tuwo da ita, ka je famfo da ita. An ce ka gafarta, ka tafi ka gaishe da wanda kuka shekara ba ku magana, to wannan ta shiga rumbu an rufe. Ranar da ciwo ya zo, ko tsufa, ko baƙin labari, kai zai share tas kamar allon Habila. Na ga malamai masu ƙwaƙwalwa sun manta sunan 'ya'yansu. Abin da ya sauka ƙasa da kai shi kaɗai yake amsawa a ranar, kamar amshin Gwaggo Ladidi.

Kada kuma wani malalaci ya ce na ce a zauna da ƙaramar tabarma. Ban ce ba. Wanda tabarmarsa ba ta kai aikinsa ba, shi ma wahala yake sha, masararsa tana tsami a jiƙe. Malam Kefas bai ce kada a saya ba, tambaya ya yi, wane aiki za ka yi? Ka auna aikinka, ka ɗauki abin da ya ishe shi, ka ɗan ƙara kaɗan don sakewa, ka bar gurbi a buɗe domin gobe. In ka girma a ƙara maka. Sauran ƙarfinka ka kai shi wurin ajiya. In kuwa ɗanka ya zo yana cewa a saya masa mafi girma a kasuwa, ko kwamfuta ce ko mene ne, yi masa tambayar nan, kada ka ji kunya don ba ka san giga ba.

Batirin nan da Habila ya raina, shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin iska da ruwa. Ba shi da yawa. Wasunku kuna cikinsa yanzu, kuna da tsohuwa a gida, kuna cewa sai kaka.

Saboda haka yau ba na so kowa ya fita da abu goma sha biyu. Ɗauki ɗaya. In ka isa gida, kafin ka cire takalmin sujada, ka aikata shi. Wanda yake da tsoho a gida ya je ya zauna a gabansa, ya ajiye wayar a ɗaki, ya ce, “Sake mini a hankali, kaina ƙarami ne.” In ya fara, ka ba shi amshi.